Makankarin A'i

"…lahiya lau, sai godiya. Ya Lyon? Ya ƙarya?"

"Ƙarya tana gaishe ki, ta ce har yanzu ke ce uwar ɗakinta."

Haka suka fara, tun bai tuɓe takalmi ba. A'i ke nan da jikanta Abdulrazak, mai karatu can Lyon, a ƙasar Turawa. Ita tana Bobigny, sama cikin dogon bene, wurin ɗiyarta Shafa'atu, uwar yaron, tun da aka ɗauko ta daga Madarunfa saboda ciwon ƙafa. Ƙafa ta yi sauƙi, sai baki ya ƙi abinci. A kawo shinkafa ta ture, a kawo tuwo ta ce wannan ba tuwo ba ne. Har lokotoro ya ce in ta ci gaba haka, kwantar da ita za su yi, su sa mata tiyo. Shi ne Shafa'atu ta kira ɗan nata, don shi kaɗai ke zagin tsohuwar ta yi dariya. Da ya tambaye ta ta waya mi take so, abu guda ta ce: makankari.

"Maigida, haka ake zuwa wurin amarya? Kai ba aski, wando kamar na aro?"

"Wace amarya, ba haƙori? Ni zagayowa na yi in ga ko kin cika, in ɗauki gadona."

"Gadon mi? Sandata? Zo in ba ka ita tun yanzu, a tsakiyar kai. Ina saƙona?"

Ya ajiye mata wata 'yar raga bisa faranti, jiƙe, sai ƙarni. Ta leƙa, ta ja baya.

"Wannan kuma mi ne?"

"Makankari mana. Na kwatanta wa mai kihi a kasuwa, ya ce shi ne palourde da yarensu. Tun sahe nake rungume da su cikin jirgin ƙasa, har wata Baturiya ta sake kujera."

Ta kai yatsa ta taɓa ɗaya da ya ɗan buɗe. Sai ya ruhe, ƙyas.

"La'ilaha! Da rai! Kai, na aike ka ɗaki, ka kawo mini har da masu haya?"

"Ci ake yi, tsohuwa. Da tafarnuwa da man shanu."

"Wa ke ci? Mutanen da ke cin ƙafar kwaɗo? Mu can ko kare bai dubansa. Ɓawon muke so. Kuma dubi ƙanƙantarsu, kamar kunnuwanka ranar da aka haihe ka."

"Kunnuwan da kika ce irin na kakana ne?"

"Shi ma ai don tausayi na aure shi."

Ta ɗauki ɗaya tana juyawa a hannu. Kun san tsufa, abu kaɗan sai ya ɗauke mutum ya kai shi nesa.

"Namu kamar tahin hannu yake," ta ce. "In rani ya yi, tabki ya ja baya, ni da yayata sai mu ɗaure zane mu shiga taɓo. Da ƙafa ake nemansa, ba da ido ba. Ka ji abu ya taɓa maka ɗan yatsa, ka duƙa. Cikinsa sai ƙyalli. Na innarmu har gehe guda ya cinye don aiki. In ta sauke tuwo ta fara kankarar ƙanzo, ko kana bayan gari sai ka ji. Ba a kiran kowa. Ƙarar ce ke kiranmu."

"To a yi miki ƙanzo mana."

"Da wace tukunya? Ta uwarka? Wannan tukunya ce ko madubi? Tuwo ya zame ya hita, bai bar komi ba, kamar baƙon da bai ji daɗin gida ba. Ka sa mata cokali, Shafa'atu ta yi ihu wai za a kashe mata kaya."

Daga kicin Shafa'atu ta ce, "Inna, ina jin ki fa."

"Don ki ji na faɗa."

Abdulrazak ya zauna ƙasa kusa da ƙafarta. "Kin san masu Ingilishi kilam suke ce wa abin nan? In mutum ya ƙulle bakinsa ya ƙi buɗewa, sai su ce ya yi halinsa. Ke ke nan."

"Uwarka ke nan."

"To, ban gama ba. Wanda kuma ya cika da murna, su ce murnarsa irin ta kilam ce."

"Murna?" Ta dubi ragar. "Abin da aka ciro daga ruwansu, aka ƙulle cikin raga, aka hau da shi bene? Ƙarya suke. Ba su tambaye shi ba."

Yaron ya miƙe, ya buɗe jakarsa, ya ciro wata tukunyar dalma, baƙa ƙirin, duk ta lotsa.

"Wannan kuma daga wane juji?"

"Tawa ce ta Lyon. Ba abin da ba ta ƙonawa. Ko ruwa na ɗora sai ya kama."

"Ashe akwai abin da ka iya."

Ya shiga kicin. Ya tafasa abubuwan nan har suka buɗe baki, ya kwashe naman gehe, ya wanke ɓawon da ya hi girma. Ya tuƙa tuwon masara, ya bar gindin ya kama, har uwarsa ta buɗe taga tana faɗa. Sannan ya dawo da tukunyar gaban tsohuwa, ya zauna, ya juya ɓawon ta baya, yana shafa shi a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Mi kake yi?"

"Ƙanzo nake ci. Nawa ne. Ke ai ba ki cin abinci."

"Haka ake kankara? Susa kake mata?"

"Haka muke yi a Lyon."

"Ta baki ake riƙewa, sakarai! Kwantar da hannun!"

"Haka?" Ya ƙara karkatar da shi, da gangan.

"Wayyo ni A'i, wa na aura? Kawo nan!"

Ta warce ɓawon. Ta ɗora tukunyar bisa cinya, ta danna. Ƙwarrr. Ta sake. Ƙwarrr. Sai hannun ya tsaya. Idonta na kan tagar, inda ba komi sai wani benen. Shafa'atu ta zo bakin ƙofa ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ƙarar makankarin innarmu ta hi wannan zurhi," A'i ta ce a hankali. "Amma ita ce."

Ƙanzo ya ɓamɓaro, ja, yana turiri. Ta ɓalli kaɗan.

"Ba ci zan yi ba. So nake in ji irin ɓarnar da ka yi."

"Ji mana."

Ta sa a baki, tana mamula da dasashi. "Ba gishiri." Ta ƙara ɓalla. "Garin ma na inji ne." Ta ƙara. Yaron ya miƙo hannu, ta buge shi da makankarin.

"Kai! Nawa ne fa, ni na ƙona!"

"Tahi ka ci masu hayarka."

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye, har tana riƙe tukunyar kar ta faɗi. Ta share ido da bakin mayahi.

"To, ɗan banza, ka ci ni. Da na yi niyyar kai ƙararka wurin alƙali, na fasa. Shafa'atu, kina tsaye kamar an dasa ki, miƙo mini mai da yaji."