Ordinatar da Ta Yi Kyau a Hoto

Jiya Litinin, jama'a, na wuni da ordinata a goye, ni da ko jikokina ban taɓa goyawa ba. Uwar gidana Mairamu ce ta naɗe ta cikin zane ta ɗaura mini a baya, wai don kada girgizar hanya ta ƙarasa ta. Da hantsi na bar Tama bisa kabu-kabu zan tafi Buza. Ko nisa ba mu yi ba moto ya nutse cikin rairayin ƙoramar bakin gari, ya yi gefe ɗaya, mu ma muka bi shi. A cikin ɗan lokacin da mutum ke samu tsakanin sirdi da ƙasa na tuna abin da ke bayana, sai na zaɓi in faɗi da fuska. Ordinata ta tsira, gemuna ya sha rairayi. Muna shiga Buza kuma muka tarar da layin mai, muka tsaya har rana ta take tsaka, da muka iso bakin famfo aka ce ya ƙare sai na kwalba.

Bari in gaya muku abin da ya raba dattijo da garkar albasarsa ya sa shi wannan wahala.

Ɗiyata Zara tana shekarar ƙarshe ta karatun injiniyan gine-gine a Tawa. Aikin da aka ce kowane ɗalibi ya zana kafin a ba shi takardar gamawa, ita gada ta zaɓa, gadar wannan ƙoramar da ta kayar da ni. Wanda ya san Tama da damina ya san abin da nake nufi. Ruwa in ya sauko daga dutse sai mu yi kwana biyu muna hangen wancan ƙetaren, mai haƙuri ya yi ta haƙuri, mai naƙuda kuma a yi ta addu'a. Zara da kanta ta auna faɗi da zurfi, maƙwabcina Gado yana riƙe mata bakin igiyar awo yana mita. Sauran aikin sai da ordinata, wadda ƴan rediyo ke ce wa kwamfuta, domin cikinta ake zana ginin a lissafa ƙarfin ruwa da nauyin ƙarfe. Ranar Alhamis ɗin nan za ta miƙa zanen ga malamanta. In ranar ta wuce, sai baɗi.

To, muna da wani babban mutum, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda ni nake kira Mai Girma Sarkin Almakashi, don ban taɓa ganinsa ba sai yana yanke ƙyalle a gaban wani abu. Watannin baya ya yi alkawarin ba ɗaliban injiniya na Madawa da Buza da Keita ordinata, aka kafa kwamiti. Kwamitin nan ya yi abin da ban taɓa ji ba tun da nake: ya tambayi masu buƙata abin da suke buƙata. Na yi ta yabonsu a majalisa har Gado ya ce in rage, kada in kunyata.

Zara ta zauna ta rubuta musu takarda shafi guda, ta karanta mana ni da Gado a zaure.

"Baba," ta ce, "aikinmu ba na rubuta wasiƙa ba ne. Sai mai injin ƙarfi, da ram aƙalla goma sha shida, da kart grafik tata ta daban."

"Mi a ram kuma?" in ji Gado.

"Baba Gado, awa tabarmar shanya ta. In ƙarama ta, komi yawan albasarka kaɗan-kaɗan za ka shanya. Kart grafik kuwa ita ka ɗaukar nauyin zane, ta juya maka gini ka ga kowane gefe. In babu ta, injin shi kaɗai ka ɗaukar kaya duka har shi gaji."

Ta ƙara da cewa a duba wadda ke fitar da zafi sosai, don zafin Adar ba ya wasa da na'ura, kuma wadda za a iya buɗewa a ƙara mata ram nan gaba. Ta ce irin waɗannan galibi baƙaƙe ne masu kauri, ba su da kyan gani. Gado ya ce shi ma haka yake, kuma har yau yana aiki.

Ranar rabo na sa babbar rigata. An kafa rumfa, an shimfiɗa ƙyalle a kan tebur uku, an jera ordinata arba'in, farare tas, sirara, sai ƙyalli suke yi. Ɗaliban injiniya tara ne kacal. Ragowar an raba wa wasu yara masu albarka waɗanda, bisa ikon Allah, duk suka yi kama da ƴan kwamiti. Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka yi tafi, aka yi hoto, maroƙa suka ce ba a taɓa yin irinsa ba. Ni ma na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja, ba zan ɓoye muku ba. Zara kaɗai na ga ta juya tata tana karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, fuskarta ba yabo ba fallasa.

A gida ta kunna ta. Takardu da hotuna duk tana buɗewa lafiya lau. Da aka ɗora mata zanen gada sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya har muka sha shayi na fari, ya juya har na biyu. Can ta nuna ginshiƙi guda, ta ɗauki zafi kamar murfin tukunya, ta yi wani ɗan kuka, ta ƙame. Kwana biyar yarinyar nan tana fama, ta rage wannan ta goge wancan, ba ta taɓa ganin gadarta a tsaye gaba ɗaya ba. Ɗakin na'urorin makarantarsu kuwa ɗalibai sun yi masa yawa, sai ka yi sati kana jiran awa biyu. Ranar Lahadi na same ta bayan rumbu tana share hawaye. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don tun tana ƙarama Zara ba mai kuka ba ce.

Shi ya sa jiya na fara da shagon Umaru mai gyaran waya da ordinata a kasuwar Buza. Ya kwance ƙusoshi, ya leƙa, ya mayar.

"Baba, wagga lahiyarta lau," ya ce. "Ba ta lalace ba, haka anka yi ta. Ram huɗu gare ta, kuma an liƙe ta, ba a ƙari. Kart grafik babu. Ta kallon fim ta, da rubuta takardar biki."

"To, zanen gada hwa?"

"In ka aza ma jaki kayan raƙumi, ba ka ce jaki ya yi laihi ba."

Na sake goya ta na nufi biron kwamiti, wato ofishinsu. Mushe Sakatare, wato Malam Sakatare da harshen Faransa, ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera, har da ruwan sanyi. A gabansa akwai wata ordinata baƙa mai kauri, maɓallanta na ba da haske ja, tana hura iska a hankali. Kokowa yake kallo, kuma wallahi har ƙurar da ke tashi daga ƙafar ƴan kokowa ana gani ɗaya-ɗaya.

Na faɗi sunan ɗiyata. Ya miƙe tsaye ya sake ba ni hannu.

"Kai ne mahaifin Zara? Alhaji, ka haihu. Takardarta ta taimake mu ƙwarai. Da ita muka je wurin ɗan kasuwa muka zaɓi na biro guda shida. Dubi wannan, ram goma sha shida, kart grafik, komai yadda ta rubuta. Ba ta taɓa tsayawa ba."

Na nemi inda zan ajiye wannan yabo, ban samu ba. Sannan na tambaye shi, cikin ladabi, dalilin da ya sa ba a saya wa ɗalibai irinta ba.

Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda bai san duniya ba. Ya ce da irin wannan aka saya, tara kawai za a samu. Tara ko tebur ɗaya ba za su cika ba, ga su baƙaƙe, a hoto sai a ɗauka bulo ne. Mai Girma zai taso tun daga nesa ya yanke ƙyalle a kan abu tara? Ya ce in tuna yadda ake jeren ɗakin amarya a garinmu: kwanukan da ke bango ai ba na tuwo ba ne, na idon baƙi ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa an cuci amarya.

A nan na gane zurfin hikimar manyanmu. Mu talakawa in za mu sayi abu sai mu tsaya tambayar aikin da zai yi. Su kuwa sun wuce nan tuni.

Na roƙi a musanya. Ya ce an riga an rubuta rapor, wato rahoto, an aika, kuma rapor ta ce ɗalibai sun gamsu. Na roƙi a ba Zara aron tasa kwana uku. Ya ce kayan biro ba sa fita. Na ce to ta zo ta zauna nan kusurwa ta yi aikinta lokacin da ya tafi cin abinci. Ya ce wanda ba ma'aikaci ba ba ya taɓa kayan hukuma, amma in rubuto takardar neman izini, kwamiti zai duba ta a zamansa na bayan damina. Ya rako ni har ƙofa, ya ce in gaishe da Zara, in gaya mata suna alfahari da ita. Kafin in sa takalmi na ji an koma kokowa.

Da na dawo gida na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara, ta ce, "To, Baba, Allah shi saka da wahalar da ka sha." Ta ɗauki waya ta kira malaminta ta ce a cire sunanta daga na Alhamis, a sa ta cikin na baɗi. Ba ta yi kuka ba wannan karon, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekara guda ta yarinya ta tafi haka nan, a cikin magana da ba ta kai minti biyu ba.

Gado ya zo da la'asar ya ji labari. Ya daɗe yana juya farar ordinatar a hannu.

"Ni dai kar a ce in sake riƙon igiya baɗi," ya ce. "Ƙoramag ga kullum ƙara hwaɗi takai, awon bana ba shi yin aiki."

Yau da safe kuma ina ban ruwa a garka, rediyo na rataye a reshen zogale, sai na ji muryar Mai Girma Sarkin Almakashi. Ya yi mana albishir cewa za a yi gada a ƙoramar Tama. Sai dai, in ji shi, abin takaici ne yadda yankinmu ba shi da matasan injiniyoyi da suka iya aikin ordinata, duk da ɗimbin na'urorin da aka raba musu, don haka dole a ɗauko ƙwararru daga waje su yi zanen.

Madalla da wannan hangen nesa. Shawarata ɗaya ce ga ƙwararrun, kuma kyauta na ba su: gabas ta fara haɗa hadari, su yi ƙoƙari su iso kafin ruwan farko. In sun makara, su tsaya a wancan ƙetaren su kunna na'urorinsu. Zara za ta tsaya a wannan gefen ta ƙwala musu awon, duk ta haddace shi.