Madubi Mai Lamba Goma Sha Biyu

Shekarar da fari ya ƙone mana gero, na rantse da naman daji za ni ciyar da gidana. A kasuwar Burkusuma wani ɗan Nijar ya nuna mini madubin ɗaura wa bindiga guda biyu, ɗaya an rubuta huɗu, ɗaya goma sha biyu. Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, na san lambar da ta fi girma. Ita na ɗauka.

Baba Tanko, tsohon maharbin garinmu, ya ce, "Ɗana, wanga ai na duban wata ne." Na yi masa murmushin masu ilimi.

Kwana biyu ni da Baba muna yawo a daji, sai ga barewa, taku ashirin tsakaninmu. Na kafa ido a madubin, ya jawo komai kusa har ban ga kai ba, ban ga ƙafa ba, ja kawai ya cika madubin.

"Halba mana!" in ji Baba cikin raɗa.

Na danna kunama. Ashe surin da ke gefenta na auna. Barewa ta nufi Nijar, gara na ta watsewa.

Baba ya ce, "Maza kawo wuƙa mu yanka tun bai mutu ba."

Har yau in na gifta majalisa sai wani ya ɗaga murya: "Sarkin baka, a aiko muna da cinyar suri!"