Ranar da Na Zagaya da Yaya Salisu Birnin Odesa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko haƙorana sun zube, da ranar da Yaya Salisu ya dawo garinmu Dungas. Ɗan kawuna ne. Kawu ya sayar da shanunsa ya tura shi Odesa, a Yukren, karatun likita. Saura kaɗan ya gama karatun, sai yaƙi ya koro shi, ba difloma.

Ni kuwa burina ya lura da ni. An ce a Damagaram zai zauna, ni kuma ina son ya ɗauke ni in yi lise can, wato babbar sakandare, in huta da noman gero. Sai na ari wayar abokina, na haddace duk abin da ake gaya wa masu yawon buɗe ido kan Odesa (ko Fatiha ban riƙe haka ba, Allah ya yafe mini).

Kowa ya san yadda ake barka da arziki: ka tsuguna, ka gaida mutum, ka ja bakinka. Zaure cike da dattawa, Yaya ya rame kamar karan dawa. Ni ko tsugunawa ban yi ba.

"Yaya, Odesa! Birnin bakin Bahar Aswad! Jiragen alkama! Matattakalar nan da ke gangarawa har tashar jiragen ruwa! Gidan waƙa mai ado kamar ɗakin amarya!"

Kawu ya yi gyaran murya. Na ɗauka yabo ne.

"Ga ramuka a ƙarƙashin gari, inda aka haƙo dutsen gina shi. Baƙi har layi suke yi su shiga! Yaya, ka taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa? Da daɗi?"

Yaya ya dubi tabarma.

"Na shiga, ƙanena," ya ce. "Ba wancan ba, na gidan da muke zaune a Odesa. Can muke kwana in jiniya ta yi kuka. Abokina ya fita neman burodi, har yau ina ajiye da rigarsa."

Wani tsoho ya fara salati. Kawu ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Kai, je ka ba akuya ruwa."

Ba mu da akuya. Na fita dai.

Yaya ya tafi Damagaram da wani ƙanena, wanda ran nan a zauren bai ce komai ba sai "barka". Ni ina nan da hauyata. Yanzu ko daga kasuwar Bande ta nan kusa mutum ya dawo, sai na duba fuskarsa kafin in ba shi labarin Bande.