Filtar Kum a Cikin Babur Ɗina

Duk wanda ya ga wani saurayi ranar Talata yana turo babur daga kan dutse, wandonsa baƙi ƙirin har gwiwa, yana magana shi kaɗai, to ni ne, kuma ba taɓin hankali ba ne. Addu'a nake yi wa shugabanninmu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin wadda ta dace da shi.

Bari in faro muku daga tushe. Tun da bas ta daina hawa ƙauyukan kan dutse, ni ne bas. Mai Girma Sarkin Almakashi, shugabanmu mai yanka ƙyallen buɗe ayyuka, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, shi ya dakatar da ita, wai na ɗan lokaci kafin a gyara hanya. A lokacin ko gemu ban fara askewa ba. Yanzu ni nake kai wa tsofaffi magani da burodi da batirin rediyo, in sauko musu da cuku da ƙwai kasuwa. Abokan da muka gudo daga makaranta tare duk suna Jamus suna ɗaukar bulo. Abu ɗaya ya riƙe ni a garin nan, wato wannan tsohon babur. Ran da injinsa ya buga, washegari za ku gan ni a tasha da jaka.

Shi ya sa idan lokacin juyen mai ya yi ba na wasa da filtar baƙin mai. Mutane suna ganin gwangwani ne kawai da ake murɗawa a gaban inji. To ba kowane gwangwani ba. Akwai ta kasuwar Lahadi, wadda ake wanke tsohuwa da fetur a fesa mata fenti ta koma amarya. Akwai wadda haƙoran ɗaurinta suka yi daidai amma robar bakinta ta yi faɗi, sai mai ya riƙa tsiyaya kamar hancin mai mura. Ni kuwa sai da na kwance tsohuwar, na kai ta garejin Obren bakanike, muka gwada haƙori, muka gwada roba, sannan aka aiko mini da irinta sak daga birni. 'Yar ƙarama, ba ta wuce kofin shayi ba. Na ajiye ta a kan firji cikin kwalinta, ina wucewa ina kallonta.

Sai ranar slava ta zo, bikin waliyyin gidanmu. Mahaifiyata ta cika tebur da naɗaɗɗen kabeji da gasasshen nama, aka kunna kyandir, baƙi suka fara shigowa. Can sai ga Kum Milisav.

Kum Milisav shi ne kum ɗina, wato ubana na baftisma, shi ya riƙe ni a coci ya raɗa mini suna Vidan, kamar yadda mahaifinsa ya raɗa wa mahaifina nasa. Kun san yadda abin yake. Kum ba a yi masa musu. Kujerar manya a tebur tasa ce, cinyar farko tasa ce. Mahaifiyata ta rantse cewa gidan da kum ya fita yana fushi, ko akuyarsu daina ba da nono take yi. Shi kuma namu kum ɗin mai gadin siton hukuma ne, kuma ya shigo rungume da wani abu naɗe a jarida kamar jariri.

"Ɗana," ya ce, "na ji kana neman filta."

"Ai Kum, na riga na..."

Mahaifiyata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Da takalmin zuwa coci.

Ya kwance jaridar. Filta ce kuwa, amma girmanta ya kai tukunyar miya, launin ruwan ɗorawa, ga tambarin hukuma a gefe. Na san ta. Duk garin nan an san ta. Gab da wani zaɓe aka yi mana alkawarin motocin share dusar ƙanƙara, har aka manna hotunansu a bango. Motocin ba su zo ba, amma kayan gyaransu sun zo, tirela guda. Jama'a, ku daina cewa shugabanninmu ba su da hangen nesa. A wasu ƙasashe sai mota ta lalace ake neman kayan gyara. Mu an tanadar mana kayan gyaran motar da ba za ta taɓa lalacewa ba, tunda babu ita. Tun daga nan filtocin suke fita daga sito ɗaya-ɗaya. Mata suna shuka fure a ciki, mai aski yana zuba tsefe, makarantar firamare tana tokare ƙofa da ɗaya. Ba wanda yake kiran wannan sata. Rage wa hukuma cunkoso ne.

"Kum, kun wahalar da kanku," na ce. "Sai dai kamar ta ɗan yi wa babur girma."

"Girma?" Ya kalli mutanen tebur. "Kun ji yaran zamani. A ba su babba su ce ƙarami suke so. Wannan don motar da za ta ture dutse aka yi ta. Ɗan babur ɗinka in ya samu wannan, har jikokinka ba za su canza filta ba."

Kowa ya ce gaskiya ne. Aka ɗaga kofunan barasar gida aka sha don lafiyar filta.

"Jibi zan zo gareji," in ji shi, "in ga an ɗaura da idona."

Da baƙi suka watse na ce wa mahaifiyata, "Mama, wannan abin kashe mini inji zai yi."

"Inji ana sayen wani," ta ce. "A wace kasuwa ake sayar da kum?"

Ranar da aka sa, na riga shi zuwa garejin. Obren ya juya filtar, ya leƙa cikinta, ya dube ni.

"Kai, Vidan, jirgin ƙasa ka saya ba mu da labari?"

"Oga, kyautar kum ce."

Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya cire hula ya sosa kai. "Kum, ka ce? To shi ke nan." Ya nuna wani baƙin kare da ke kwance a ƙarƙashin wata mota. "Ka ga wancan? Kum ɗina ne ya ba ni. Ba inda bai cije ni ba a jikin nan. Har yau ni nake dafa masa abinci."

"Amma za ta yi aiki?"

"Zan ƙera maka mahaɗi, ta ɗauru. Ɗauruwa dabam, aiki dabam. Kafin mai ya cika wannan randar, inji ya ɗan sha ƙishi. Kuma ka ga yadda za ta reto ƙasa? Ka riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai."

"Ai ƙwan nake ɗauka, Oga."

"To ka ƙara da na ƙarfe."

Kum ya iso da rigarsa ta gadi, aka kawo masa kujera da kofi. Ya zauna yana ba da umarni kamar shi ya ƙera babur. Da aka gama, babur ɗina ya koma kamar akuya mai tsohon ciki. Na tayar, jar fitilar mai ta daɗe tana hararata kafin ta mutu. Kum ya miƙe ya sumbace ni a kumatu, idonsa har da ƙwalla.

"Ka ji ƙara?" ya ce. "Ƙarar kayan hukuma ke nan."

Ranar Talata na ɗaura kaya na kama hanyar dutse. In ba ku taɓa bin hanyar nan ba, ku sani ita ce hanyar da ta fi kowace samun kulawa a ƙasar nan. An buɗe aikinta da bikin aza harsashi. An sake buɗe shi da bikin tunawa da aza harsashi. Kowane zuwa akwai 'yan badujala, akwai yara da furanni, Mai Girma ya yanka ƙyalle, ya shiga mota ya koma ta inda ya fito, domin gaba ba ta biyuwa. Abin da aka bari shi ne dutsen harsashin kansa, wani farin dutse mai rubutun zinare. Ruwan sama ya zaizaye gindinsa, ya gangaro ya kwanta a tsakiyar hanya, bayan wata kwana, laka ta rufe rabinsa.

Na sha wucewa ta kansa lafiya. Wannan karon na ji ƙwal! a ƙarƙashina. Sai wani ɗumi ya bi ƙafafuna. Jar fitila ta kunno.

Ban tsaya tunani ba, na murɗe makulli. Babur ya gangara shiru ya tsaya. Na waiwaya, ga baƙin layi tun daga dutsen har inda nake. Filtar ta tsage kamar an sare ta da gatari. Na tsuguna na ɗora hannu a kan inji ina rarrashinsa, ina jin ƙanshin Jamus a hancina.

"Kai, ɗan nema! Kai ne kake zuba mana kwalta?"

Kaka Stamena ce, tana zaune a kan kututture da awakinta. Maganin hawan jininta yana cikin kayana.

"Kaka, mai ne ya zube."

Ta tako ta duba baƙin layin da sandarta. "To ka gode wa Allah. Tun da aka haife ni, yau na fara ganin wani abu baƙi a kan hanyar nan. Kada ka bari su ji, za su zo su yanka ƙyalle a kai." Ta leƙa ƙarƙashin babur. "Wannan ba irin tukunyar furena ba ce? Wane maƙiyin ne ya yi maka haka?"

"Kum ɗina ne."

Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta da sauri. "Allah ya ƙara masa lafiya. Mutumin kirki. Ba ni maganina."

Haka na turo shi har gari. Obren ya kwance, ya zuba sabon mai, ya ɗaura 'yar ƙaramar filtata da na ɗauko daga kan firji. Ya ce in tayar. Na danna. Ya kara kunne a jikin inji kamar likita, ya daɗe yana saurare.

"Ya sha da ƙyar," ya ce. "Da ka ƙara ko tsawon gonar kabeji da shi a kunne, da yanzu muna maganar jana'iza. Amma ka ji ni da kyau, ba zai jure irin wannan karo na biyu ba."

Na zauna a kan taya. Ashe ban fita ba. Ranar Lahadi bayan coci Kum zai biyo ta gidanmu shan kofi, kuma abin da zai fara dubawa ƙarƙashin babur ne. In ya ga babu kyautarsa, mahaifiyata ba za ta sake iya ɗaga kai a gari ba. In na ce masa ta fashe, kafin azahar ya kawo mini wata, ya kuma zauna ya ga an ɗaura.

Ina zaune ina kallon fasasshiyar filtar a ƙasa, tambarin hukuma yana sama, ko ƙwarzane bai yi ba. Na ɗauke ta. Na kifa ta a kan ƙaramar. Ta haɗiye ta ɗungum, har da sauran wuri.

"Oga," na ce, "kana da zarto?"

Obren ya dube ni, ya dubi gwangwanin. Sai ya fara dariya har karen kum ɗinsa ya tashi yana gurnani. Muka yanke gindinta, muka kwashe duk abin da ke ciki muka zubar, muka rage mata tsawo yadda ba za ta taɓa ƙasa ba. Ya toshe tsagar da walda, ya shafa fenti, muka rufa ta a kan ƙaramar muka ɗaure da maɗaurin ƙarfe, tambari yana fuskantar jama'a.

Lahadi Kum ya zo. Bai ko shiga ɗaki ba ya nufi babur. Ya durƙusa da ƙyar, ya ƙwanƙwasa gwangwanin da ɗan yatsa. Ya yi ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa. Mahaifiyata tana bakin ƙofa da faranti, ta daina motsi.

"Kamar ta rage tsawo," ya ce.

"Ta zauna ne, Kum. Ta saba da wurin."

"Haka suke," ya ce, yana gyaɗa kai. "Tayar in ji."

Na tayar. Jar fitila ta mutu nan take, inji yana kiɗi lafiya lau. Kum ya miƙe ya buɗe hannuwa, ya juya wajen maƙwabta da suka leƙo ta kan shinge.

"Kun gani? Ya ce ta yi girma! Ku riƙa zagin hukuma, amma kayanta ba wasa."

Ya sha kofinsa, ya ci kek har ya nemi ƙari, ya sa mini albarka ya tafi. Babur yana nan da rai, ni ma ina nan, tsofaffin kan dutse sun samu burodinsu jiya.

Sai dai tun ranar nake ta wani tunani. Na ɗauki ƙaton gwangwani wanda ba komai a cikinsa, na shafa masa fenti, na juya tambari wajen jama'a, na ɓoye ɗan ƙaramin da yake yin aikin a ciki inda ba mai ganinsa, kuma har tafi aka yi mini. Ranku ya daɗe, manyanmu, in akwai gurbi a zaɓe mai zuwa ku tuna da ni. Ban gama makaranta ba, amma ina ganin aikin naku na iya shi.