Rediyon Motar Lurwanu

Lurwanu ma'aikacin sakatariya ne a Kano, irin mutanen nan da ba a gaya musu abu su ce ba su sani ba. Ranar da ya sayo sabon rediyon mota, mai fuskar gilashi kamar wayar hannu, da sifiku huɗu da wata ƙatuwa ta ajiyewa a but ɗin bayan mota, mai shagon ya ce ya bari a haɗa masa. Lurwanu ya yi tsaki.

"Waya ja da baƙa ce za ta gagare ni? Ni da na yi karatun kimiyya?"

Ya wuni a ƙofar gida da filaya da salatif, gumi har cikin ido. Da la'asar ya kunna. Abu ya kawo wuta shar, kamar ɗakin amarya, amma sauti sai a hankali. Sifikar hagu ce kaɗai ke magana, ita ma kamar mai mura. In ya taka totur sai rediyon ya ɗauki kuka, wiii, yana hawa da gudun mota. In ya taka birki ya yi tsit. In ya sa sigina kuwa, waƙa ta dinga ɗaukewa tana dawowa, ƙyal, ƙyal, daidai da fitilar. Ya canza fis, ya juya wayoyi, ya daki gaban motar da tafin hannu. Kwana shida yana abu ɗaya, kuma girman kai ya hana shi zuwa wurin masu gyara.

Ranar Asabar ta kama zai kai surukinsa, Malam Isiyaku, ɗaurin aure Gaya. Tsohon hedimasta ne, dattijo mai farin gemu, wanda har gobe tsofaffin ɗalibansa ke cire takalmi in sun hango shi. Suna hawa titi ya ce, "Lurwanu, kamo mana labaran safe."

Lurwanu ya kamo. Mai karanta labarai ya fara, mota ta ja, kuka ya tashi. Suka iso wani rami, ya taka birki, labarai suka mutu a tsakiyar sunan wani gari.

Malam ya dubi rediyon, ya dubi direba. "Wannan aljanu ne a ciki, ko haka Turawan suka ƙero shi?"

"Baba, sabo ne, bai gama sakin jiki ba."

"To tsaya a duba shi. Ba zan je Gaya da kukan sauro a kunne ba."

Ba yadda ya iya. Suka tsaya Mariri wurin wani rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ana ce masa Tasi'u. Tasi'u ya zaro rediyon, wayoyi suka biyo shi a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ya daɗe yana kallo.

"Oga, wane maƙiyinka ne ya haɗa maka wannan?"

Lurwanu ya saci kallon surukinsa. "Wani ne can a unguwarmu."

"To ka daina gaisawa da shi. Dubi baƙar wayar nan. A jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta, shi ya je ya ɗaure ta a roba. Ta sifikar dama kuma ya haɗa ta da fitilar birki. Wallahi ko akuya aka ba filaya ba za ta yi haka ba."

"Allah ya shirye shi," in ji Malam.

"Amin, Baba," in ji Lurwanu, a ciki-ciki.

Minti ashirin Tasi'u ya warware komai, ya mayar da rediyon gurbinsa, ya haɗa shi da wayar Lurwanu, ya murɗe sauti har ƙarshe. "Kunna mana ko mene ne mu ji."

Lurwanu na sauri ya wanke kansa daga kunya, ya buɗe waya, yatsa ya zame ya danna saƙon murya da ya tura wa abokinsa Naziru da safe. Sai ga muryarsa ta cika motar, sifiku biyar duka, har gilashi na rawa:

"Kai Naziru, yau ma ni ne direban tsohon nan! Wallahi ya ishe ni. Rediyo mai jini ke nan, daga Kano har Gaya sai ya ba ni tarihin duk yaron da ya taɓa zanewa. Ka ɗauka don waƙa na sayi rediyon nan? Don in toshe masa baki ne!"

Ya kai hannu zai kashe, wayar ta suɓuce ta shige ƙarƙashin kujera. Ya bi ta da kai, ƙeya ta bugi sitiyari, hon ya ɗauka. Saƙon kuwa bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe, har da dariyar da ya rufe da ita. Mai shayin gefe ya tsaya da kofi a sama. Tasi'u ya shiga binciken filayarsa kamar yau ya fara ganinta.

Lurwanu ya ɗago, hula a karkace. "Baba... wallahi gyaran ne bai yi ba. Rediyon nan canza murya yake. Tasi'u, sake buɗe shi!"

Malam Isiyaku ya gyara zaman babbar rigarsa a kafaɗa.

"A'a, kada ka taɓa shi, Tasi'u, aikinka ya yi kyau. Shekara tara yaron nan yana durƙusa mini, ban taɓa jin sa tangaran ba sai yau."