Injin Askina da Ƙorar 'Yan Aji Uku

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara da na kira da bakina ba, shekarar da muka dawo Mubi daga gudun hijira. Ina koyar da aji uku a wata firamare. Masu aski da yawa ba su dawo ba tukuna, yara duk sun tara suma, sai na sayi injin aski mai caji. Duk Juma'a bayan an tashi nakan jera maza a gindin dalbejiya in kwashe musu kyauta. Wannan na tashi wancan na zama, injin kuwa iyakarsa in hure shi da baki. (Har jira nake a yaba mini.)

Ba a yi wata biyu ba ƙora ta ɓulla: farin tabo mai ɓarɓashi a ka, gashi na zubewa wuri-wuri. Yaron da na fara gani da ita, Zira, na kore shi gida, na ce kada ya dawo sai ya warke, ga jarrabawa saura mako biyu. Da ta bayyana a kan wasu tara, na kira iyaye.

Rabin awa na yi ina wa'azin tsabta. Har na ce wasu gidajen ba su san amfanin sabulu ba.

Mahaifiyar Zira, 'yar Michika mai sayar da gyaɗa, ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta yi boko ba, tambaya ce kawai. Me ya sa 'yan mata ba su kamu ba, har da ƙanwar Zira da suke kwana tabarma ɗaya? Kuma yaran nan uku da ke guje wa askin Juma'a, kansu fes.

"Malam, wannan injin naka, kana wanke shi ne?"

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Hedimasta ya duƙa yana gyara takalmin da ba shi da igiya. Kunya kamar in nutse.

"To yarona zai rubuta jarrabawa?" ta ƙara.

Washegari ni na je har gida na ɗauko shi. Na kwashe su goma zuwa asibiti, inda aka ce shafawa kaɗai ba ta isa, sai sun sha magani na makonni. Zira ya rubuta jarrabawarsa da hula a ka.

Tun daga nan, in matsala ta tashi a aji, kafin in kira taro nakan fara tuna wane alheri na yi musu kwanan nan.