Rasuwar Dattijo, Akwatin Sautin Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci wanda har yau bai koma daidai ba, iyalan gidan da ke ƙarshen layi, daura da shagon mai walda, suna sanar da dangi, maƙwabta da abokan kiɗa rasuwar Dattijo, tsohon amfilifaya mai ƙwayayen gilashi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga muryar jita. Ya cika ranar Laraba da la'asar, a tsakar falo, ana tsaka da waƙa, a gaban baƙuwar da bai kamata ta ga abin da ta gani ba.

Mai shi, wanda kowa a gida ke kira Auta, ya so ya rubuta wannan sanarwa da hawaye zalla. Ya karanta littattafan soyayya iya karantawa, ya san yadda ake kukan rabuwa. Sai dai duk sanda ya ɗauki biro, sai ya miƙe ya je ya sake wanke fuska da sabulu. A yi masa uzuri.

Marigayin ya shigo gidan ne daga hannun Kawu, wanda ya yi kiɗa da shi a otal-otal tun Auta bai iya ɗaura wando ba. Baƙi ne, mai nauyin buhun siminti, fatarsa ta saɓule a kusurwoyi, mariƙinsa an ɗaure da waya. Ba shi da gaggawa. In an kunna shi ba ya cewa uffan sai ƙwayayen da ke bayansa, waɗanda masu gyara ke kira bawul, sun yi ja kamar garwashi. Sannan ya yi gyaran murya, ya buɗe baki. Wace irin murya! Mai kauri, mai ɗumi, mai ɗan gurnani a ƙasa kamar na mutumin da ya ga duniya ya yafe mata. Ko mai walda, wanda ba ya ajiye aikinsa don kowa, an sha ganinsa ya ɗaga tabarau yana saurare.

Ranar da Kawu ya miƙa shi, ya bar wasiyya. Kada a taɓa Dattijo da sanyi, a bar shi ya ɗumama. Kuma kada a yarda kowa ya kwance cikinsa. "Muryar a ciki take, Auta," in ji shi. "Ranar da sukundireba ta shiga, ranar za ta fita." Auta ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe karatunsa. Yakan kunna Dattijo tun safe ya bar shi yana ɗumi har yamma, ko ba zai kaɗa ba. Da ya lura saman akwatin na ɗaukar zafi mai daɗi, sai ya mai da shi wurin ɗumama burodinsa. A ganinsa zumunci ne, ana cin abinci tare.

Akwai kuma wani tururi da ke fita daga bayan marigayin in ya yi zafi. Yaya, wadda a gidanta Auta ke zaune, ta sha cewa falonta na warin tsohon takalmi. Auta ya ce ba ta san fasaha ba. Shi ƙanshin tsufa yake kiransa, ƙanshin dandalin da Kawu ya taka. Yakan durƙusa, ya manna kuncinsa a jikin akwatin, ya lumshe ido, ya shaƙa har cikin huhu. Ana roƙon masu karatu su riƙe wannan a rai, ko da yake shi da zai iya mantawa da ya fi kowa murna.

Jinyar ta fara ne da wani ɗan nishi, huuum, a ƙasa-ƙasa, wanda ba ya tafiya ko an daina kiɗa. Auta ya yi duk abin da ɗa nagari zai yi. Ya zare wayar jita, nishin na nan, don haka jita ta fita daga zargi. Ya sayo sabuwar waya. Ya canza soket, ya kai Dattijo ɗakin kwana, ya dawo da shi. Ya cire cajar kowa a gidan. Ya kashe doguwar fitilar falo mai ƙyafta ido. Ya kashe firjin Yaya ya manta bai kunna ba, naman da ke ciki ya riga Dattijo tafiya.

Daga nishi ciwo ya koma huci, sssss, kamar mai a kasko. Daga nan sai ƙas-ƙas, ƙas, ƙaras-ƙaras, kamar ana tauna ƙashi a ɗaki mai duhu. Auta ya ɗauki fensir yana ƙwanƙwasa ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya da gefen da ke da robar gogewa, yana kasa kunne. Ɗaya ya amsa da ƙiiil ta cikin lasifika, alamar ya tsufa. Aka musanya shi. Dattijo ya yi shiru na wuni guda, Auta har ya rubuta masa baiti na murnar samun sauƙi. Washegari ƙas-ƙas ta dawo, har da ƙari. Abin da ya kamata ya tsaya masa a rai shi ne, wani lokaci ana jin ta ko akwatin a kashe yake. Auta ya ce ƙarfe ne ke hucewa.

Mai gyaran rediyo na bakin titi ya saurari bayani, ya ce a kawo ya buɗe. Auta ya dafe ƙirji ya ce gara a buɗe nasa cikin.

Dalilin da ya sa Auta bai iya jiran Dattijo ya warke ba kuwa, kowa a layin ya sani. Akwai yarinyar kantin magani, mai farar riga wadda ko ƙura ba ta yarda ta zauna mata, mai goge saman kantar shagon kafin ta miƙa canji da bayan ta miƙa. Auta ya sayi maganin mura a wurinta har Yaya ta fara tunanin kai shi asibiti. Ya tsara mata waƙa mai baiti uku. Na farko yana yabon idonta, na biyu yana kukan halin da yake ciki. A na ƙarshe ne ya zuba maganar da bakinsa ya kasa faɗa a gaban kantar shagon, wato tambayar ko za ta yarda ya riƙa zuwa ba don mura ba. Ya rantse wannan baiti ba zai fita ta kowace murya ba sai ta Dattijo. Da ƙyar ta amince za ta leƙo bayan ta tashi aiki, da sharaɗin Yaya na zaune.

Ran Laraba ya kunna marigayin tun da sassafe, ya ƙure masa wuta don ƙarar kiɗa ta danne ƙas-ƙas ɗin. Baƙuwa ta zo, ta duba kujera kafin ta zauna, ta ɗora jakarta a ƙasa kusa da akwatin. Baiti na farko ya fita lafiya, har ta sunkuyar da kai tana murmushi, Auta ya ji kamar rufin falon ya buɗe. A na biyu Dattijo ya fara tari. Auta ya ƙara murɗa masa. Ya ja numfashi zai shiga na ƙarshe, sai marigayin ya yi kalamansa na ban kwana: huuuum, ƙas-ƙas-ƙas, fuuu, tas!

Hayaƙi ya tashi, shuɗi, mai maiƙo. Wari ya biyo baya, irin wanda ba a shaƙa kawai, har ɗanɗanonsa ake ji a harshe. Sai ga su. Ta ramin waya, ta yagewar ƙyallen lasifika, ta ƙarƙashin mariƙi, kyankyasai suka ɓarko, manya da ƙanana, jajaye da farare waɗanda ba su taɓa ganin rana ba. Wasu suka bi wayar jita suka hau hannun Auta. Wani ƙato mai fiffike ya tashi sama ya yi shawagi. Uku, ko fiye, suka shige jakar baƙuwa kamar an ba su adireshi.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta miƙe, ta ɗaga jakar da yatsu biyu, ta zazzage ta a tsakar falo, ta dubi Auta tun daga sama har ƙasa. "Malam mai jita," ta ce, "wannan ne kake cewa kana manna wa fuska?" Ta fita tana kakkaɓe riga. Yaya na kan kujera a tsaye da takalmi ɗaya a hannu tana cewa, "Auta, Allah ya isa tsakanina da kiɗanka!"

An kai gawar wurin mai gyaran rediyo. Ya fara sauke ragowar wutar da ke maƙale a ciki, don irin su Dattijo ko sun mutu suna iya tafiya da mutum. Da ya ɗaga murfin ƙarfen, sai ya ja da baya ya tofar da yawu, ya ce a fita da shi waje tukuna. A cikin wurin da Kawu ya ce murya na zaune, an tarar da ƙwan kyankyasai jere kamar wake, da ɓarɓashin burodi da ya yi funfuna, da kashi baƙi ƙirin da ya lulluɓe wayoyi. A can lungu, kwance a kan ƙafafun bawul, ga wani ɓera da ya daɗe da rasuwa, ya bushe ya gasu, ya sake gasuwa kullum tun daga safe har yamma. Ɗumi ya kira su, burodi ya riƙe su. Tiransifomar da ke cikin akwatin ta ƙone ƙurmus. "Samari," in ji mai gyaran yana toshe hanci da gefen riga, "wannan ba gyara yake so ba, rami yake so."

Nan Auta ya gane ƙanshin tsufa. Ya juya ya yi amai a kwata.

Da aka buga wa Kawu waya, cewa ya yi shi dai ya hana a kwance ne, bai ce a buɗe gidan burodi a kai ba.

Marigayin ya rasu ya bar jita guda, wadda ke jingine a bango ba ta magana da kowa, da wayoyi masu yawa da aka zarga a banza, da fensir ɗin da ya yi jinyarsa. Ya kuma bar 'yan haya da ba a san adadinsu ba, waɗanda tuni suka tare a kicin ɗin Yaya. Iyalan ba sa karɓar gaisuwa a madadinsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a filin bayan gida, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa. Ba za a buɗe fuskar mamaci ba. Masu zuwa su sa takalmi rufaffe, wanda ke da maganin feshi ya taho da shi. Mata su riƙe jakunkunansu a kafaɗa.

Kafin a ɗaga gawa, Auta zai rera baitin ƙarshe da jita tsirararta, ba akwati, ba wuta. Yaya ta je kantin magani da kanta ta yi bayani, an kuma aiko da amsa: za a zo, amma daga bakin ƙofar fili za a tsaya, ba za a matso ko taku ɗaya ba. Duk wanda ya san jitar lantarki ya san in babu akwati muryarta ba ta wuce ta sauro, ƙofar kuma da ɗan nisa. Saboda haka iyalan na roƙon jama'a, don girman Allah, kada a yi kuka, kada a yi tari, kada a ja kujera. An roƙi mai walda ya kashe injinsa, ya ce zai duba.